Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya da Kyamara Ta Kalli Sama

Yau zan faɗa muku abin da na haɗiye har kwana tara, ko ƙanwata da muke kwana ɗaki ɗaya ban gaya mata ba. Idan kun gama karantawa kuka ga ban kyauta ba, ku faɗa, ba zan yi musu ba. Amma bari in ɗan koma baya saboda waɗanda yau suka fara shigowa.

Gidanmu a bakin layin dogo yake. Tsakanin tagar falonmu ta baya da ƙarfen jirgin bai wuce taku arba'in ba, gajeriyar katanga ce kawai ta raba. Idan jirgin ƙarfe huɗu zai wuce, kofunan kabad ɗin Mama ne ke fara ba mu labari, sai su hau rawa suna ƙara. Mun saba har ba ma ji. Tagar nan kuwa labule ne da ita mai kauri, ruwan ƙasa, kuma tun tasowata ban taɓa ganin Mama ta bari an ɗage shi ba. Wai ba za ta zauna a falonta fasinja suna ƙirga mata kujeru ba.

A kan gadar ƙafa da ta haye layin na fara ganin wanda yanzu yake neman aurena, a hanyata ta dawowa daga shagon tabarau inda nake aiki. Duk Laraba da Asabar yana nan tsaye, dogo, siriri, da rigar da kullum aljihunta ke cike da biro, ga kyamara mai dogon baki kamar taɓarya. Sati uku ina wucewa ina ganin bakin abin nan yana bin inda nake, har ranar da na ƙule na tsaya na ce ya nuna mini hotunan da yake ɗauka na ba da izinina ba. Bawan Allah bai yi gardama ba, ya miƙo mini. Na duba hoto ya fi ɗari biyu. Jirgin ƙasa ta gaba, jirgin ƙasa ta gefe, lambar tarago, ƙafar tarago. Ko gefen mayafina babu. Wallahi maimakon in ji sanyi sai na ji haushi ya ƙaru.

Malamin lissafi ne a wata sakandare. Wannan kuwa abin sha'awarsa ne, ba sana'a ba. Yana da ɗan littafi da yake rubuta lambar kowane jirgi da lokacin da ya wuce. Ranar da babu na ƙasa sai ya tafi bayan shingen filin jirgin sama, inda shi da wasu irinsa suke tsayawa awa uku don jirgin da zai gifta cikin ƙiftawar ido. In kuma akwai wani taro a gari, tseren gudu ne, atisayen 'yan kwana-kwana ne, buɗe sabuwar gada ce, to za ka same shi a wani lungu ya kafa kyamara tun kafin masu taron su iso. Ƙanwata Auta ce ta laƙa masa suna Kallon Sama, kuma sunan ya bi shi har cikin wayata. Shi kuma Mai Tabarau yake ce mini.

Yadda aka yi na fara son mutumin da ya ɗauki hoto ɗari biyu babu ni a ciki, wannan labarin wata rana ne. Abin da za ku sani shi ne, wata takwas ke nan yana zuwa gidanmu, yana son iyayensa su zo su ga Baba, Mama kuma ta ƙi buɗe baki. Baba dai nasa mai sauƙi ne, duk abin da uwarku ta ce. Gwaggo kuwa duk Lahadi sai ta bugo ta tambaya ko har yanzu ina nan ina ɓata lokaci da mai kallon jirgi. Mama ba ƙinsa take yi ba, har shayi take sa a dafa masa da citta kamar yadda yake so. Tsoronta ɗaya ne, kuma ta faɗa mini shi tana ninke kaya, ba ta ko kalle ni ba.

"Mutumin da hankalinsa yake sama, ranar da kike buƙatarsa a ƙasa fa?"

Na ce ai ba haka yake ba. Ta ce to Allah ya sa.

Sai ga bikin kammala karatun Auta ya zo. Ku gane, wannan ba irin wanda aka saba ba ne. Shekara biyu da suka wuce mota ta buge Auta a bakin makarantarsu, ƙafarta ta dama ta karye gida biyu. Wata bakwai tana kwance, sannan keken guragu, sannan sanda biyu, sannan ɗaya. Mama ce ta yi jinyarta, ita ke ɗaga ta, ita ke mata wanka, ita ke juya baya ta share ido idan mai gashin ƙafa ya sa yarinyar ihu. Auta kuma ta yi rantsuwa cewa matakala huɗun nan na dandamali, ranar karɓar takardarta, da ƙafarta za ta hau su babu sanda babu mai riƙe ta.

Ana saura kwana uku Mama ta kira Kallon Sama da kanta. Ta ce tunda yana da kyamara mai kyau, shi take so ya ɗauki ranar. Na san gwaji ne, shi ma ya sani. Daren ranar bai samu sukuni ba, saƙo yake ta turo mini tun da yamma: ya caja batir uku, ya goge gilashi, ya je ya auna filin, rana za ta kasance a bayansa. Na rubuta masa, "Malam, bikin makaranta ne, ba saukar jirgi ba." Ya amsa, "Shi ya sa nake tsoro. Jirgi yana dawowa gobe."

A filin wasan makarantar aka yi, a ƙarƙashin rumfuna farare. Mama ta sa doguwar rigarta ruwan toka mai aikin zare a wuya, wadda ba ta fito da ita sai babbar rana. Ni na sa shuɗiya da farin mayafi, da takalmin da ya fara cizona tun a mota. Auta cikin baƙar rigar kammalawa da hularta mai kusurwa huɗu, ta miƙa wa Baba sandarta tun daga layi ta ce ya riƙe mata. Shi kuwa Kallon Sama yana can gefen dama, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ko gaisuwa da hannu bai ɗago mini ba.

Aka kira sunan Auta. Ta taho a hankali, tana ɗan jan ƙafar. Da ta iso gindin matakalar sai Mama ta damƙe hannuna, ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

"Ba zan iya kallo ba," ta ce. "In ta faɗi zuciyata ba za ta ɗauka ba. Zan gani a bidiyo."

A daidai lokacin ne wata ƙara ta taso daga bayan rumfuna. Ba irin ta jiragen fasinja da muka saba ji ba ce, wannan mai kauri ce, har cikin ƙirji ake jin ta. Wani ƙaton jirgin ɗaukar kaya ne mai inji huɗu, irin wanda ba ya zuwa garin sai a shekara sau ɗaya ko ma ba ya zuwa, ya sauko ƙasa-ƙasa zai nufi fili. Kafin ya ɓace, tafi ya ɓarke. Auta tana saman dandamali, takarda a hannu, tana dariya tana kuka.

Da yamma muka taru a falo, aka haɗa kyamara da talabijin. Mama ta gyara zama a tsakiyar doguwar kujera, ta sa tabaraun da ni na zaɓa mata. Na lura Kallon Sama ya ƙi zama, kuma shayinsa ya huce bai taɓa ba, amma na ɗauka kunya ce. Hoton ya fito tas. Ga Auta tana tahowa, ga ta a gindin matakala, ga ta ta ɗaga ƙafar dama. Sai kawai hoton ya zame ya yi sama. Farin gajimare, cikin jirgi, tayoyi a sauke, lamba a jikin wutsiya ana karanta ta ɗaya bayan ɗaya. Daƙiƙa goma sha ɗaya. Da hoton ya dawo ƙasa, Auta tana gaisawa da shugaban makaranta.

Kallon Sama ya durƙusa ya ce a yi haƙuri, wallahi bai san sanda hannunsa ya juya ba, sai da ya ga wutsiya a gilashi ya farga. Auta ta so ta mai da abin wasa, ta ce ai ita ma ta ji ƙarar. Mama ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Cire tabarau ta yi, ta ninke, ta sa a gidansa.

"Mun gode, Malam. Jirgin ya yi kyau."

Ta tashi ta shige ɗaki.

To ga abin da na ɓoye. Ni ma ban ga Auta ta hau matakalar nan ba. Hannuna yana cikin na Mama, ita ta rufe ido ta dogara da ni da shi, amma da ƙarar nan ta taso, kaina ya ɗaga da kansa. Wata takwas ina tsayawa da mutumin nan a bakin shinge yana koya mini bambance injin da injin, har kunnena ya koyi abin da ban aike shi ba. Na bi jirgin da ido har ya wuce rumfa, a raina har ina cewa kai, inji huɗu. Da Mama ta tambaye ni a mota yadda aka yi, sai na ce lafiya lau ta hau, ko tangaɗi ba ta yi ba. Ban san ko ta yi ba.

Na bar shi ya ɗauki laifin shi kaɗai. Na raka shi ƙofa ina cika ina batsewa kamar ni ce mai gaskiya, har da ce masa ya ba ni kunya. Ya rataya jakarsa ya tafi. Washegari saƙo ɗaya ya shigo: "Mai Tabarau, ki ba ni 'yan kwanaki." Daga nan shiru. Laraba na bi ta gada, babu shi. Asabar ma babu shi, alhali a lokacin ne ya fi kowa zumuɗi, domin tsohon kan jirgin nan shuɗi da su masu hoto suke kira Tsohuwa an sanar za a ajiye shi, kuma zai yi wucewarsa ta ƙarshe Asabar ta ƙarshen wata da ƙarfe huɗu. Shekara biyu yana jiran ranar. Na sha ba da labarin a gida har Mama ta taɓa cewa in ƙyale ta da zancen tsohuwar ƙarfe.

A shago na kasa aiki. Na sa wa wani dattijo gilashin karatu a firam ɗin matarsa, sai da maigidan shagon ya tambaye ni ko ni ma a auna mini ido. Gwaggo ta bugo ranar Lahadi, ta ji labari, ta ce ai dama ta faɗa. Mama ba ta ƙara ambatonsa ba, sai dai sau biyu na same ta tana kallon hotunan da 'yan ajinsu Auta suka turo, duk na bayan an sauko ne. Na rubuta masa saƙo ya fi goma ina gogewa. Ɗaya kawai na tura: "Ka ci abinci?" Ya amsa bayan awa huɗu: "Na ci. Saura mutum uku." Ban gane ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Rana ta tara, bayan la'asar, ya yi sallama. Ya rame, takalminsa duk ƙura, babu kyamara a wuyansa, sai ɗan abin ajiye bidiyo a hannu. Ya roƙi Mama ta ba shi minti biyu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce wa Auta ta miƙo mata tabarau.

Ashe abin da ya yi ke nan. Kafin a fara taro ya ɗauki rumfunan gaba ɗaya, kamar yadda ya saba. Sai ya zauna ya buɗe hoton yana girmama shi kujera bayan kujera, irin yadda yake karanto lambar jirgi daga nesa, ya ƙirga duk wanda ya ɗaga waya a layukan gaba. Mutum talatin da ɗaya. Ya je makarantar da hotunan fuskokinsu, daga wannan ɗalibi zuwa wancan, wannan babar wane ce, wancan kawun wance ne. Kullum in ya tashi daga aji sai ya kama hanya, unguwa unguwa, yana ƙwanƙwasa ƙofar mutanen da bai sani ba yana bayani. Wasu sun goge, wasu ɗansu kawai suka ɗauka, wata mata ta sa kare ya raka shi. Goma sha huɗu suna da Auta. Wani daƙiƙa biyu, wani ɗaya da rabi, wani da kan mutum ya tare rabi. Ya jera su bisa ƙarar jirgin da ke cikin kowanne, don ita ce agogon da ya haɗa su duka.

Aka kunna. Matakala ta farko daga hagu, hoton yana rawa. Ta biyu daga dama, ana ganin yadda ta cije leɓe. A ta uku ƙafar ta ɗan turguɗe, wani malami ya miƙo hannu, Auta ta girgiza masa kai. Ta huɗu daga can nesa, ta tsaya cak, ta juyo tana neman mu. Sai hoton ƙarshe, wanda wani ya ɗauka daga gefen rumfarmu: Baba rungume da sanda, da Mama fuska a rufe, leɓenta yana motsi ta cikin mayafi. An yanke hoton daidai kafaɗarta, hannunta ya fita waje yana riƙe da wani hannun da ba a ga mai shi ba.

Sau uku Mama ta sa aka maimaita. A na uku ta jawo Auta ta kifa kanta a cinyarta, tana shafa ƙafar tana cewa ashe kin turguɗe, ashe kin turguɗe. Baba ya fita wai zai duba mota. Shi kuwa Kallon Sama bai jira a yabe shi ba, ya yi sallama a hankali. Mama ta ce ya gaida gida.

Na bi shi ƙofa na tambaye shi me ya sa ya yanke ni. Ya sosa kai ya ce hasken wajen ne bai yi kyau ba. Na ce ƙarya yake yi, a shagon tabarau nake aiki. Ya yi murmushi ya tafi, bai fi minti biyar ba saƙo ya shigo. Hoton ne cikakke. Rumfa cike da mutane kowa ya fuskanci dandamali, sai mace ɗaya mai farin mayafi, haɓarta a sama, bakinta a buɗe. A ƙasa ya rubuta: "Ni na koya miki. Laifin nawa ne sau biyu. Ki goge."

Ban goge ba. Na tsaya a soro, wato ɗan zauren shigowa gidanmu, ina kallon kaina ina jin kunya da son mutumin nan suna kokawa a ƙirjina. Sannan na shiga kicin inda Mama ke wanke kofuna, na miƙa mata wayar. Ta goge hannu, ta kalla, ta buɗe hoton da yatsu biyu.

"Na sani," ta ce. "Auta ta gaya mini tun a ranar. Da ta kai sama ke ta fara nema, ta ga haɓarki."

Na ce me ya sa ba ta yi magana ba.

"Jira nake in ga wanda zai fara gyara nasa. Shi ya zaga gari a ƙafa, kuma ya rufa miki asiri a gabana. Ke kwana tara ya ɗauke ki ki tako daga falo zuwa kicin." Ta mayar mini da wayar. "Ki je ki ba ƙanwarki haƙuri. Sannan ki ce masa iyayensa su zo Asabar ta ƙarshen wata. Ƙarfe huɗu."

Na buɗe baki zan ce Mama ai ranar Tsohuwa ce, sai ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau, na haɗiye sauran. Ta sani sarai. Auta na samu a ɗaki, ta sa na durƙusa har ƙasa don mugunta, sannan ta ce ta yafe in zan wanke mata kaya sati biyu. Bayan nan na zauna a bakin gado na rubuta masa saƙon Mama yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Ina riƙe da wayar kamar mai riƙe da ƙwai.

"Za mu zo. Zan bar kyamara a gida."

Na kai wa Mama ta karanta. Ta ci gaba da jera kofuna a kabad. Sai da na juya zan fita ta kira ni.

"Ke, kafin Asabar ɗin ki sauke labulen tagar baya ki wanke, kada ki mayar. Gilashin ma ki goge shi ciki da waje. Kujerar da zai zauna kuma a juyo da ita wajen." Ta rufe kabad ɗin. "In kika gaya masa, ni da ke ne."